Tayar da Ba Ta Kuka

Yaya ba ya yanke hukunci a zaune. In ka ga ya miƙe a tsakiyar falon Mama ya zuba hannuwa a aljihu, to shari'a ta ƙare, sanarwa ce kawai ta rage. Ranar nan ma haka ya yi, ya ce daga ƙarshen wata Baba ya daina tuƙi, makullin a-kori-kurar zai dawo hannunsa.

Baba ba ya gida, shi ya sa bakin Yaya ya buɗe haka. Mama na kishingiɗe a doguwar kujera, har lokacin jikinta bai gama dawowa daidai ba. Jiya suka dawo daga wajen Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune a gari na gaba, kuma a faɗar Mama ba tafiya suka yi ba, tashi sama suka yi.

"Bishiyoyi na wucewa kamar ana jifa da su," in ji ta. "Na ce Malam lafiya? Ya ce lafiya lau, ai a hankali muke tafiya. A hankali fa! Na leƙa maleji na ga allura ta haye ɗari da ashirin, ni dai sai salati."

Ba shi ne karon farko ba. Kwanakin baya 'yan sandan hanya sun tare shi, furfurarsa ce ta cece shi.

Ni ce autar gidan, ɗinki ne sana'ata, kuma ina da wani hali da ya ishi kowa: in abu bai shige ni ba, ba na iya barinsa. Wannan kuwa bai shige ni ba ko kaɗan. Baba ya yi kusan rabin rayuwarsa yana jan motar wani kamfanin rarraba magani, ko kaza bai taɓa takawa ba. Muna yara mun sha kunya a motarsa, kowa sai ya wuce mu, har masu ɗaukar yashi. Tamanin ne gudunsa tun kafin a haife ni.

"Tsufa ne, Auta," in ji Yaya. "Abin ya fara taɓa kai."

Na ce, "Wane irin tsufa ne ke ƙara wa mutum gudu? Duk tsohon da na sani rage wuta yake yi."

"To ke likita ce?"

"Kai ma ai ba shi ba ne."

Mama ta ce mu yi mata shiru. Amma na san abin da ke tafe. Motar nan ita ce ƙafar Baba. Da ita yake kai wa Gwaggo kayan cefane duk mako tunda gwiwa ta kwantar da ita, motar kuma yake wankewa da safe yana yi mata magana kamar mutum. In aka karɓe makullin, zaman benci a ƙofar gida ya same shi, ni kuma ba na son ganin ubana a bencin nan. Na roƙi Yaya kada ya ce masa komai kafin watan ya ƙare. Ya ɗaga kafaɗa, wato ya yarda.

Da mako ya zagayo na ce ina da sayen yadi a garin su Gwaggo, na shige gaba kusa da Baba. Shi ya koya mini mota da kansa tun a tsohuwar motarsa, don haka na san duk motsin ƙafarsa. A cikin gari ban ga abin zargi ba. Yana ba masu babur hanya, yana jiran tsofaffi su tsallaka, yana tsaki ƙasa-ƙasa in wani ya yi masa kutse. Muna hawa babban titi na kafa wa maleji ido. Sittin, saba'in, tamanin. Na jira ya sassauta ƙafa. Allura ta yi gaba abinta, Baba kuwa fuskarsa a sake, kansa ya ɗan karkata wajen taga kamar mai jiran a kira sunansa.

Muna haye ɗari na ce, "Baba, ka dubi maleji kuwa?"

Ya yi dariya. "Ni da malejin nan ai gaisuwa ce kawai tsakaninmu. In na sa tabarau na ga lambobi, hanya ta dushe. In na cire na ga hanya, lambobi su cakuɗe. Kuma ko da idona na da ƙarfi ban taɓa dogara da shi ba. Mai kallon allura shi ke afka wa jaki."

"To da me kake sanin gudunka?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi da me yake cin abinci. "Da taya mana. Ban koya miki ba?"

Bai koya mini ba, ko kuma ya koya ina can ina tunanin wani abu. Sai ya shiga bayani, ni kuwa ina ta ce masa ya rage, yana ragewa yana mita. Ya ce in mota tana tafiya a hankali inji ne ke da baki. In gudu ya ƙaru sai taya ta karɓe maganar. Da fari gurnani take yi can ƙasa, sannan muryar ta riƙa hawa tana sirancewa, har ta kai wani wuri da take kuka siriri kamar sauro a bakin kunne. Nan ne wurin tsayawa. Maigidan da ya koya masa mota ya ce masa in taya ta kai nan ya riƙe ta, kada ya ƙara mata ko taki ɗaya, kuma da wannan kukan ya ci abinci duk shekarun nan.

"Yau kuma fa?" na ce.

"Yau ai ba ta ma fara ba kika dame ni."

Na kasa kunne. Wallahi gaskiyarsa. Ba na jin komai sai wani shuuu mai laushi, kamar ana zuba gero a buhu. Na sauke gilashi na saurara, shuuu ɗin ne dai. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, har na kusa yin guɗa a motar mutane: wata biyu da suka wuce Yaya ya canza wa Baba tayoyi duka huɗu. Masu tsada, daga babban shago, kuma sai da ya tabbatar dangi kaf sun ji labari.

Daɗin da na ji da laifin ya faɗa kan Yaya, Allah Ya yafe mini, ba kaɗan ba ne. Amma na san shi, ba zai karɓi "taya ta ƙi kuka" a matsayin hujja ba. Ni kaina ma abin ya tsaya mini a wuya. Roba ce baƙa, zagayayya, tana birgima a kan kwalta kamar 'yan'uwanta. Me zai sa wata ta yi kuka wata ta yi shiru?

Washegari na rufe shago da wuri, na ɗauki tef ɗin awo da allin ɗinki na tafi gidan su Baba. Na durƙusa gaban tayar gaba ina kallon zanenta, Mama na leƙe ta taga tana tambayar ko riga zan ɗinka mata. Zanen taya in ka dube shi da kyau haƙora ne a jere, tsakaninsu 'yan kwaruruka. Na sa alli a kan ɗaya na fara aunawa. Wannan gajere, na kusa da shi ya ɗan fi shi, na gaba dogo, sai gajere kuma, sai dogaye biyu a jere. Babu tsari ko kaɗan. Da yarinyar shagona ce ta jera mini maɓallai haka, da ta farke ta sake.

Na ce shi ke nan, an sayar wa Yaya jabu. Daɗi kan daɗi.

Na wuce wajen Dogo mai taya, wanda rumfarsa ke bakin mahaɗar titi, shi ke yi wa Baba faci tun ina goye. Na same shi yana tsoma tub a bahon ruwa yana neman inda ke fitar da kumfa. Na zayyana masa abin da na gano ina jiran ya kama baki.

"Ba jabu ba ne, ƙanwata," ya ce, bai ko ɗago ba. "Masu tsadar duk haka suke zuwa yanzu. Da gangan ne, wai don kada su damu mutane da ƙara."

"Ta yaya rashin daidaito zai hana ƙara?"

"Wannan kuma sai ki tambayi masu yin ta. Ni dai na san mai haƙora iri ɗaya tana waƙa, mai hargitsattsu ba ta yi."

Da wannan na koma gida, yana ta cin raina. Ina tsefe wa 'yata kai da yamma, farcena ya goga haƙoran matsefi ya yi ƙirrr. Na tsaya. Na sake ja a hankali, ya yi tar-tar-tar, kowane haƙori da nasa bugun. Na ja da sauri, bugun ya haɗe ya zama murya ɗaya, zuiii. Na ƙara sauri, muryar ta ƙara sirancewa. Yarinya na cewa Umma ki gama mini, ni kuwa na riga na tafi tunani. Ashe abin da taya ke yi ke nan: kowane haƙori yana marin kwalta in ya iso, in gudu ya yi yawa marin ya haɗe ya zama kuka, kuma gudun ne ke ɗaga muryar. Na ɗauko filaya na ɓalle haƙoran matsefin nan barkatai, nan ɗaya, can biyu, can na bar uku. Na ja farce. Muryar ta watse, sai wani karce-karce da ba za ka iya kwaikwayonsa da baki ba.

Maigidana ya shigo ya tarar da ni da filaya da gurgun matsefi, yarinya da rabin kai a tsefe, ina ta dariya ni kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wai Baba aka ce abin ya taɓa, ko ke?"

Na koma wajen Dogo neman tsoffin tayoyin, don shi ya ɗaura wa Baba sababbin. Ya ce ai tuni masu yanka su yi takalma da igiyar ɗaurin kaya suka kwashe. "Kuma ko suna nan ba zan mayar masa da su ba. Sun cinye ta gefe ɗaya, in ya ɗau gudu har sitiyari suke kaɗawa." Amma ya ce ana samun sababbi masu irin tsohon zanen, waɗanda masu ɗaukar kaya ke saye. Ya shiga ɗakin ajiyarsa ya mirgino ɗaya. Na zaro tef na auna haƙora zagaye guda, duk kansu ɗaya kamar an yanka su da almakashina. Muka yi musaya da na Yaya. Baba ya kawo mota yana murna, don shi ma ya ce tun da aka sa masa waɗancan yake jin kamar da bebe yake tafiya. Dogo ya ɗora kowace taya a injinsa ya juya ta, ya manna 'yan dalma a gefen wili har ta daina rawa, sannan ya ɗaure.

Na kira Yaya na karanta masa komai, har da matsefi. Da na gama ya ce:

"Wato tayoyina kika bayar."

"Tayoyin Baba dai."

"Na ji. Ku hau babban titi. In ya tsaya a tamanin da kansa, ba ki ce masa uffan ba, na janye maganata. In ya wuce kuma, Auta, kada ki rufe mini. Mama ce ke zama a kujerar nan."

Na ce na yarda. Ko ɗar ban ji ba.

Da safe muka kama hanyar garin su Gwaggo, cefanenta a baya. Tun a hamsin na ji gurnanin ya taso daga ƙarƙashin ƙafafuna, wuuu, mai kauri. Sittin, ya fara hawa. Sai yanzu na gane sautin nan na san shi tun ina ƙarama, shi ne ke sa ni barci a bayan mota, ban dai taɓa sanin sunansa ba. Saba'in, ya sirance. Allura na taɓa tamanin ya zama sauron nan sak, siriri, tsayayye, ya cika motar har ina jin sa a haƙorana. Na juya ina murmushi ina jiran ƙafar Baba ta sassauta.

Kansa na karkace wajen taga. Tamanin da biyar. Casa'in. Kukan ya wuce sauro ya koma tsuwa mai soka kunne, Baba kuwa yana jira.

"Dogo ya cuce mu," ya ce. "Waɗannan ma kurame ne."

Na ce, "Baba, rage." Ya rage. Na ce, "Baba, tana kuka fa. Tun ɗazu take yi."

Ya kalle ni, ya mayar da ido kan hanya. Bai ce ƙarya nake ba. Ya sauko har sittin, ya sake hawa a hankali, ya sauke gilashi, ya rufe, ya karkata ɗaya kunnen. Yana neman ta kamar mai laluben allura a tabarma, ita kuwa tana nan ta cika ko'ina. Mu gidanmu kowa da ƙarfi yake magana, Baba ne ma ya saba mana, don shi ya saba yi a kan ƙarar inji. Ban tuna ranar da wani ya yi masa magana a hankali ba, balle a gane ko yana ji.

Ya sa sigina ya gangara gefen titi, wajen wata doguwar miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa sai gonaki. Ya kashe mota. Ya daɗe yana kallon tafukan hannunsa a kan sitiyari.

"Tsoffin tayoyin nan suna kaɗa mini hannu," ya ce. "Daidai wurin tsayawar. Ina jin abin a nan," ya shafa tsintsiyar hannunsa, "ni kuma ina cewa kunnena ne. Allah kaɗai Ya san tun yaushe."

Na ce za a iya zuwa asibiti, akwai abin da ake saƙalawa a kunne, akwai tabarau mai hawa biyu, ina ta zuba kamar rediyo. Ya ɗaga mini hannu.

"Za a je. Amma tsaya tukuna. Wataƙila cikin motar ne. Karɓi sitiyari, ki koma baya can wajen gadar da muka wuce, ki taho da tamanin ki wuce ni. Daga waje taya ta fi faɗa."

Ya fita ya tsaya a bakin kwalta, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ja kujera gaba, na juya mota na tafi har gadar, na juyo. Ban taɓa roƙon Allah a kan taya ba sai ranar. Na taka totur, gurnani ya taso, ya hau, ya sirance. Na riƙe ta a tamanin daram. Ina hango shi yana ƙara girma a gilashi, dogon tsoho da farar riga, ya juya mini gefen fuskarsa, ya kare kunne da tafin hannu, idonsa a rufe. Na wuce shi da kukan nan da ko mutanen cikin gona sai da suka ɗago. A madubi na ga iskar motar ta kaɗa masa riga, sannan ya buɗe ido ya bi ni da kallo.

Na dawo na tsaya kusa da shi. Shi ya faɗa da kansa.

"Na ji inji. Na ji iska. Siririn ne babu."

Na buɗe ƙofa zan fito in ba shi wurinsa. Ya ce in zauna. Ya zagaya ta gaban motar, ya ɗan dafa bonet da ya zo wucewa, ya buɗe ɗaya ƙofar. Sai da ya yi ta laluben abin matsar da kujera, don bai taɓa zama a gefen nan ba tun da ya sayi motar. Ni kuwa hawaye sun riga sun ɓata mini hoda, ina jin haushin matsefi, da tef, da wayon da na ɗauka na yi.

"Yayanki ya ce zai karɓi makulli, ko?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Uwarku ba ta iya ɓoye magana. Ki bar shi, ni zan kira shi da bakina. Share fuskarki, Gwaggonki na jiran cefane."

Na tayar da mota muka hau titi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan dashbod, ya jingina kai, ya bar kallon hanya. Gurnanin ya taso, ya fara hawa. Muna cikin tafiya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ta fara?"

Na ɗaga murya yadda zai ji. "Ta fara, Baba."

"To riƙe ta nan. Kada ki ƙara mata."